Abin da Ke Sa Masu Kiwon Murjani a Gida Rushe Tankunansu Su Sake Gini

A Amurka da Jamus da Ingila da Japan akwai mutanen da babbar sha'awarsu ita ce ajiye wani ɗan yanki na teku a cikin falonsu. Tankin gilashi ne, wani yana cin lita 500, wani 1,000, wani ma ya haura 2,000, an cika shi da ruwan gishiri da duwatsu da ƙananan kifaye masu launi, sannan uwa-uba murjani mai rai. Wannan ya sha bamban da jan murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya. Ɗan'uwansa ne na ruwan ɗumi, irin wanda ya gina tsaunukan ƙarƙashin ruwa a Bahar Maliya, daura da Port Sudan da Jidda, da kewayen tsibiran Indonesiya. Ido zai ɗauka tsiro ne ko dutse, alhali dabba ce. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu ne ke da tankin ruwan gishiri a duniya, kuma duk shekara ana cinikin kifi miliyan 20 zuwa 24 domin su.

A 'yan shekarun nan wani abu ya yawaita a tsakanin tsofaffin hannu a wannan harka. Mutum zai wayi gari ya kwashe duk abin da ke cikin tankin da ya shekara goma ko sha biyar yana wa hidima, ya rushe, ya sake ginawa daga tushe. Aikin yana cin watanni, yana cin kuɗin da za su iya sayen mota, kuma sau da yawa ana asarar rayukan dabbobin da aka daɗe ana renonsu. To me ke kai mutum ga wannan?

Dalili mafi sauƙin fahimta shi ne jikin tankin kansa. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo ɗaya, don haka tanki mai lita 1,000 ya wuce tan guda tun ba a sa nauyin gilashi da dutse da yashi ba. Abin da ke riƙe da gilasan kuwa danƙon silikon ne kawai, shi kuma yana tsufa. Gishiri yana cin ƙarfen teburin da tankin ke kai, danshi yana ruɓar da katako. Ranar 16 ga Disamba 2022 katafaren tankin nan na AquaDom da ke cikin wani otal a Berlin ya fashe da asuba, ruwa wajen lita miliyan ɗaya ya kwarara har kan titi, kifi kusan 1,500 suka mutu. Shi da roba mai kauri aka yi shi, ba da gilashi ba, amma duk mai babban tanki da ya ga hotunan ya san abin da ruwa ke yi idan ya sami kafa. Wanda ya hango kumfar iska ta fara shiga cikin danƙon kusurwar tankinsa ba ya jiran a ba shi shawara.

Sai dai tsufan da ya fi damun masu kiwo yana cikin ruwan ne. Murjani mai gina dutse yana rayuwa ne da wasu ƙananan tsirrai da ke zaune cikin namansa, su suke sarrafa haske su ba shi abinci. Saboda haka yana buƙatar haske mai ƙarfi, ruwa mai motsi ba dare ba rana, ɗumi tsakanin digiri 24 da 26, gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, da sinadarin kalsiyam da zai gina ƙashinsa. Kuma ba ya son datti. A teku igiyar ruwa ke wanke komai. A falo kuwa duk abincin da aka watsa wa kifi yana barin saura, sauran nan ya zama sinadarin fosfet, dutse da yashi su yi ta tsotse shi shekara da shekaru. Ranar da suka ƙoshi sai su fara mayar da shi cikin ruwa. Daga nan gansakuka ta rufe duwatsu, launin murjani ya dushe, girmansa ya tsaya, mai tanki ya yi ta canjin ruwa abin ya ƙi gyaruwa. Ga kuma baƙin da ke shigowa a maƙale jikin sabon murjani: wata 'yar dabba mai harbi da ake kira Aiptasia wadda ke yaɗuwa da an taɓa ta, wasu tsutsotsi masu faɗi da ke cin naman murjanin Acropora, da ƙananan dodon koɗi masu sakin yauƙi. Idan suka shige ramukan dutse, magani bai cika kai musu ba.

Abin mamaki, har nasara ma tana jawo rushewa. Reshen murjanin da aka saya bai fi ɗan yatsa ba, bayan shekara bakwai ko takwas zai iya kai faɗin faranti. Na sama ya tare wa na ƙasa haske, rassa su toshe hanyar ruwa, maƙwabta su riƙa harbin juna da dare har gefen ɗaya ya mutu. Tankin da ya fi kowane kyau a hoto, shi ne sau da yawa ke dab da shaƙe kansa.

Kayan aiki ma sun sauya. Da manyan ƙwayayen fitila masu wat 250 ko 400 ake amfani, masu cin wuta da zafafa ruwa. Yanzu fitilun LED sun karɓe kasuwa, akwai na'urorin da ke ɗiga sinadarai da kansu, akwai masu turo saƙo a waya idan famfo ya tsaya. Tsohon tankin da aka huda aka ja wa bututu bisa tsarin da, bai cika karɓar sabbin kayan nan ba. A ganina wannan ne mafi raunin dalilai, domin murjani bai san sabon yayi ba, kuma kamfanonin da ke tallar kayan su ne suka fi cin moriyarsa.

Muhimmin abin da ya bambanta sake ginin yau da ginin farko shi ne, tekun da aka ɗebo kayan wancan karo ya fara rufe ƙofa. Tsarin da masu sha'awa suka ɓullo da shi a Berlin a shekarun 1970 da 1980, wanda da shi Dietrich Stüber ya yi suna wajen raya Acropora a cikin gida, ya dogara ne kan abin da suke kira dutse mai rai. Ɓaraguzan tsohon murjani ne da ake tsamowa daga teku a jiƙe, ɗauke da bakteriya da soso da ƙananan halittu iri-iri, waɗanda su ne ainihin matatar tankin. Fiji ce ta yi fice wajen fitar da shi. A ƙarshen 2017 gwamnatinta ta haramta fitar da dutsen da murjani. A watan Mayun 2018 Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da murjani, ta dakatar da nata, ba ta sake buɗewa ba sai farkon 2020. A Janairun 2021 wata kotu a Hawai ta tsayar da kamun kifin ado don kasuwanci, farashin wani ɗan kifi rawaya da kusan kowane babban tanki ke da shi ya ninka sau da yawa.

Saboda haka mai sake gini a yau galibi da busasshen dutse yake farawa, wanda aka haƙo a tudu ko aka ƙera a masana'anta. Ba ya zuwa da ƙwari, ana iya fasa shi a manna shi yadda ake so, kuma ba a taɓa teku ba. Amma fanko ne. Ruwan da babu halittu masu gasa a cikinsa, duk abin da ya riga shiga shi ke mulki, kuma mafi yawan lokuta wani yauƙi ne ruwan ƙasa mai kumfa, mai guba, da ke lulluɓe yashi da dutse. Masu harkar suna kiran wannan lokaci zangon muni, kuma yana iya ɗaukar rabin shekara ko fiye. Shi ya sa masu dabara ba sa zubar da tsohon dutsensu duka. Sukan zaɓi 'yan tsarkaka su sa a sabon tanki, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama.

Ranar kwashewa ita ce ranar haɗari. Falo yakan cika da manyan robobi da durom-durom na ruwan da aka haɗa tun kwana biyu, kowanne da abin ɗumama ruwa da ɗan famfonsa, tiyo ya bi ta ƙofa, an shimfiɗa tsofaffin tawul ko'ina. Murjanin da ya manne da dutse sai an sa kurfi ko ƙaramin zarto. Kifi yakan ɓuya a rami, dole sai an fitar da dutse na ƙarshe kafin a kama shi. Idan aka kai ga yashin ƙasa, wanda ya shekara goma ba a motsa ba, sai wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Iskar nan guba ce, kuma wanda ya mayar da wannan yashi cikin sabon tanki ba tare da wankewa ba zai iya kashe kifinsa cikin dare ɗaya. A robobin ajiya kuma, da yake bakteriya masu cinye amoniya sun ragu, ruwa yana lalacewa da sauri. Yawancin asarar da ake yi, gaggawa ce ke jawo ta: a cika tanki yau, a zuba komai gobe.

Haɗarin bai tsaya kan kifi ba. Wasu nau'o'in murjani masu laushi, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafin da ake kira falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a jikin halitta. Goge dutsen da suke kai a busasshiyar iska, ko zuba masa tafasasshen ruwa don kashe ƙwari, yana tayar da dafin ya bi numfashi. A 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila an kai mutum goma asibiti, har da ma'aikatan kashe gobara, bayan wani magidanci ya tsabtace kayan tankinsa. Safar hannu da tabarau da buɗe taga ba ƙawa ba ne a wannan aiki.

Idan aka auna sakamakon wannan yayi, akwai alherin da ba za a musa ba. Duk tankin da aka rushe yana fitar da ɗaruruwan 'yan rassa da ake rabawa ko sayarwa, kuma murjanin da ya girma a gida ya fi na teku jure zaman gilashi. Ilimin da masu sha'awa suka tara ya kai ga masana. A 2013 gidan tarihi na Horniman da ke Landan ya sa murjani ya hayayyafa a cikin tanki ta hanyar kwaikwayon hasken wata da sauyin yanayi. A 2015 aka yi nasarar ƙyanƙyasar kifin nan rawaya a wata cibiyar bincike a Hawai. A bazarar 2023, da zafin ruwa ya haura digiri 38 a wani wuri a kudancin Florida, cikin tankunan tudu aka gudu da dubban murjani don a tsirar da su.

Amma akwai ɗaya gefen. Wanda ya yi asarar kifinsa wajen sake gini, shago zai koma, kuma har yau mafi yawan nau'o'in kifin ruwan gishiri daga teku ake kamo su, wasu ma da gubar sayanayid a Filifin da Indonesiya. Wanda ya gaji kuma ya juye kayansa a gaɓar teku yana iya jawo bala'i. Wani kifi mai ƙayoyin dafi da aka fara gani a gaɓar Florida a 1985, wanda yanzu ya addabi tekun Karibiyan, masana sun fi danganta zuwansa da masu tanki. Sannan ga wuta. Babban tanki ba ya hutawa, kuma sa'o'i kaɗan ba lantarki sun isa su kashe shi, kamar yadda mutane da yawa suka gani a Texas lokacin sanyin Fabrairun 2021. Mai karatu a Kano ko Yamai, inda zafi ke wuce digiri 40 kuma wuta ke zuwa tana tafiya, zai gane dalilin da ya sa wannan sha'awa ba ta yi saiwa a wajenmu ba.

Waɗanda aka fi mantawa da su su ne masuntan ƙauyukan bakin teku. Rahoton 2003 ɗin nan ya nuna cewa a shekarar 2000 kilo ɗaya na kifin ado daga Maldibs ya kai kusan dala 500, alhali kilon kifin ci daga wuri guda dala 6 ne. Haramcin Indonesiya bai ware gonakin murjani ba, wato inda mutanen ƙauye ke dasa rassa kan teburan ƙarfe a ruwa mara zurfi su sayar. Har su ya shafa, ma'aikata da yawa suka rasa abin yi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mutumin da ke cin abinci daga murjani mai rai shi ne na farko da zai hana a jefa masa nakiya. Idan attajirin Turai ya koma saye daga maƙwabcinsa kaɗai, teku ya huta ta wani ɓangare, amma mai gadinsa ya rasa albashi.

Hukuncina shi ne, sake gini ya halatta idan danƙo ya fara saki, ko ƙwari sun gagari magani, ko murjani ya cika tanki. Yin sa don kawai an fito da sabuwar fitila wasa ne da rayukan dabbobi. Wanda kuma ya zama dole ya yi, ya tanadi wurin ajiya mai kyau tun kafin ya taɓa dutse ɗaya, ya ba sabon ruwa watanni, kada ya zubar da komai a teku, sannan duk abin da zai saya ya tambayi mai shago inda ya fito: kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki, da murjanin da aka noma a gonakin masuntan Indonesiya, su ya kamata kuɗinsa su tafi wa.