Gidajen Gwamnati Masu Kama Ɗaya: Ina Aibin Yake?



Duk wanda ya bi ta gefen manyan garuruwanmu ya san rukunin gidajen nan da ake jerawa sahu-sahu, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya, har baƙo ya rasa gidan da aka kwatanta masa. Galibi akan ce aibinsu shi ne wannan kamanni. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mu ɗauki Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837. Wanda ya shiga tsofaffin unguwanninta, ko na Rabah da Goronyo, zai tarar gidajen su ma sun yi kama da juna: ginin ƙasa, katanga, zaure yana fuskantar hanya. Amma abin da magabata suka daidaita shi ne tsarin shiga. Baƙo iyakarsa zaure. Daga nan sai ƙofar gida, inda samari kan kwana, sannan shigifa, sannan cikin gida, inda kowace mace ke da ɗakinta, ga rumbu, ga turken dabbobi. Yawan ɗakuna kuwa iyali yake bi. In ɗa ya yi aure, sai a kira magini a ta da masa ɗaki. Wato gida yana girma tare da masu shi.

To, da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, gwamnatinsa ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Jihohi 19 ne a lokacin, ga kuma Abuja, jimla 40,000 ke nan. Mafi yawansu ciki da falo ne domin masu ƙaramin ƙarfi, sauran masu ɗaki uku. Zane guda aka aika wa ƙasa baki ɗaya. Kada mu raina hujjar yin haka, domin zane guda yana nufin ƙiyasi guda, da sayen kaya a sari, da sauƙin bin sawun 'yan kwangila. Da wannan dabara ce kamfanin Levitt ya gina gidaje sama da 17,000 kusa da birnin New York na Amurka tsakanin 1947 da 1951.

Sai dai gidan da ya iso ƙasar Sakkwato ba shi da zaure. Baƙo na buɗe ƙofa ya faɗa falo, matar gida kuwa ba ta da tsakar gidan da za ta yi daka ko girki cikin sutura. Ga bulo da rufin kwano a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Sau da yawa kuma an kai gidajen nesa da gari. Sojoji suka kifar da gwamnatin a Disamba 1983, adadin da aka kammala bai ko kusa da wanda aka yi niyya ba.

Abin lura shi ne yadda mazauna suka yi da gidajen. Katanga suka fara ja, daga baya zaure ko shago, sai ɗaki a baya. Sun mai da zanen Legas gidan Bahaushe da kuɗin aljihunsu, wani lokaci har su ci hanya ko su toshe magudanar ruwa, tun da ba a bar musu wurin ƙari ba.

An taɓa gwada wata hanyar a ƙasar nan. Da za a ta da mutane fiye da 40,000 saboda madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, mai zane Robin Atkinson ya fara nazarin yadda kowace ƙabila ke tsara gidanta. Kayan gini iri ɗaya aka yi amfani da su, amma fasalin gidaje ya bambanta. Su ma ba su rasa masu kuka da su ba, illa dai an tambayi yadda mutane ke zama kafin a aza tubali.

Saboda haka, ku da za ku sa hannu a kan zane nan gaba, ku daidaita faɗin fili da titi da magudanar ruwa da ma'aunin ƙofa da taga, domin a nan arha take. Ɗakin farko kuwa a ja shi gefe guda, a bar wurin zaure ta bakin hanya, a bar sauran filin ya zama tsakar gida.