Kukan Jirgin Ƙasa a Tafin Hannu

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san motar kara da motar gwangwani. Yaro zai sami karan dawa ya fere, ko ya tsinto gwangwanin madara ya fasa, ya yanko tsohon silifa ya yi tayoyi, ya ɗaura zare ya kama ja a lungu. Sai dai komai kyan motar, abu guda ne ba ya iya ƙera mata, wato ƙara. Saboda haka sai ya mayar da bakinsa inji, yana tafe yana ruri, yana canja giya da maƙogwaro. Wannan matsala ta yaron lungu ita ce ta daɗe tana damun manyan mutane a Turai da Amurka da Japan, masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, kuma hanyar da suka bi suka warware ta tana ɗauke da darasin kimiyya wanda ya shafi kunnen ɗan Adam da kukan gyare da kakakin fada.

Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a Kano. A shekarar 1911 layin dogo daga Baro ya iso, a 1912 aka haɗe shi da na Ikko, a 1930 kuma reshensa ya kai Nguru. An kafa tashar a wajen ganuwa, kuma a kan wannan dogo ne aka riƙa kwashe buhunan dalar gyada zuwa bakin teku. Kawunan jiragen farko masu kwal ne da tururi, daga baya masu dizal suka gaje su. Ɗalibin sakandare na yau bai taɓa jin numfashin kan jirgi mai tururi yana haki da kaya a bayansa ba, alhali kuwa wannan amo yana cikin abubuwan da suka raini kakanninsa.

Su ƙananan jiragen kwaikwayo ba a yin su da ka, akwai ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 87 a ɗauki ɗaya. Faɗin sabon dogo irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. In aka raba da 87 sai a sami milimita 16.5, kuma shi ne faɗin dogon HO. Tsohon dogon Kano kuwa milimita 1,067 ne, don haka mai son kwaikwayonsa a wannan ma'auni dogo mai milimita 12 zai nema. Akwai ma'aunin N, kashi 1 cikin 160, mai dogon milimita 9, akwai kuma Z, kashi 1 cikin 220, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972. A ma'aunin N, kan jirgi mai tsawon mita 18 ba zai wuce santimita 11 da 'yan kai ba, faɗinsa kuwa kamar na babban yatsa. A cikin wannan ɗan wuri ake son a cusa murya.

A da, gudun ɗan jirgi ya danganta ne ga ƙarfin lantarkin da aka sakar wa dogo, saboda haka duk jiragen da ke kan dogo ɗaya tare suke tashi, tare suke tsayawa. A shekarun 1980 kamfanin Lenz na Jamus ya ɓullo da wata dabara, wadda ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta mayar da ita ƙa'ida a farkon shekarun 1990 da sunan DCC. A wannan tsari lantarki yana kan dogo kullum, amma yana juya fuska sau dubbai a sakan guda, kuma a cikin tsawon juyin ake ɓoye saƙo. Gajeren juyi, mai kimanin kashi 58 cikin miliyan na sakan a kowane ɓangare, yana nufin 1. Mai tsawon kimanin kashi 100 ko fiye yana nufin 0. Kowane kan jirgi yana ɗauke da dikoda, 'yar na'ura mai aikin tafinta, wadda take da lambarta. Duk saƙon da ya bi dogo tana jin sa, amma ba ta amsa sai wanda aka ambaci lambarta, kamar yadda malami yake kiran rajista kowa ya amsa nasa sunan. Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa daga masana'anta, sai mai ita ya sake mata.

Dikoda mai murya, irin LokSound ta kamfanin ESU wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1990, tana da ƙarin ma'ajiya. Ana zuwa wurin jirgin gaske a ɗauki ƙararsa, a mayar da ita lambobi ta hanyar auna kaɗawar iska sau dubbai a sakan (faifan CD sau 44,100 yake aunawa), sannan a yayyanka ta. Usur, alal misali, gida uku ake raba shi: farawa, da tsakiya wadda za a yi ta maimaitawa muddin yatsa na kan maɓalli, da sauka. Hakin tururi ya fi wuya, domin dole ya dace da juyin ƙafa. Kan jirgi mai silinda biyu sau huɗu yake fesar da tururi a kowane juyi, tun da kowace silinda tana aiki a tafi da dawowa. To yaya dikoda take sanin gudun ƙafa? Kowane injin lantarki in yana juyawa janareta ne. Dikoda takan ɗauke masa wuta na ɗan ƙiftawa, ta auna lantarkin da shi kansa yake haifarwa, daga nan ta san saurinsa da nauyin da yake ja, ta daidaita hakin.

Ɗaura ta aikin haƙuri ne irin na mai gyaran agogo. Jar waya da baƙa suna zuwa ga ƙafafun da ke ɗebo wuta daga dogo, mai ruwan lemo da mai ruwan toka suna zuwa ga inji, fara da rawaya da shuɗiya na fitilu ne. Babban sharaɗi shi ne a raba inji da gangar jikin jirgin gaba ɗaya, domin a tsofaffin jirage ta jikin ƙarfen wuta take bi, kuma in wayar inji ta taɓa wutar dogo kai tsaye, dikodar ta ƙone nan take, kuɗi mai yawa ya tafi a hayaƙi. Sau da yawa sai an goge wani ɓangare na ƙarfen da ke ba jirgin nauyi kafin a sami gurbi, in kuma aka zarce sai ƙafafu su riƙa sulɓi. Ƙura ma abokiyar gaba ce: ɗigonta guda a kan dogo yana yanke wuta, muryar ta ɗauke ta sake farawa daga tushe. Maganinta kafasita, wadda take riƙe ɗan guzurin lantarki na tsallake wurin. Wanda zai yi wannan aiki a Kano lokacin hunturu, tsumma da kafasita za su zame masa dole.

Amma duk wannan ba shi ne gagarabadau ba. Gagarabadau shi ne lasifika, kuma a nan ne ilimin halittu yake da ta cewa.

Amo kaɗawar iska ce. Mai kauri kaɗawarsa a hankali take, siriri kuwa da sauri. Amo yana cin kimanin mita 340 a sakan, saboda haka igiyar amon da ke kaɗawa sau 100 a sakan, irin gurnanin injin dizal, tsawonta ya kai mita 3.4. Lasifikar da ake sa wa ɗan jirgi kuwa, irin ta cikin wayar hannu, milimita 11 ce a kan 15, wato igiyar ta ninka ta fiye da sau 200. Akwai ƙa'ida a nan mai tsauri: duk lokacin da aka rage saurin kaɗawa da rabi, sai an tura iska ninki huɗu kafin ƙarfin amon ya tsaya yadda yake. Ƙaramin abu ba shi da hannun da zai turo wannan iska. Shi ya sa tambari yake da faɗi kanzagi yake ƙarami, shi ya sa kakakin da ake busa wa Sarki ya fi mai busa shi tsawo, algaita kuwa gajeriya ce mai zaƙin murya. A dawa ma haka abin yake. Giwa tana iya yin gurnanin da kaɗawarsa ba ta kai 20 a sakan ba, wanda kunnen mutum ba ya ji, gyare kuwa kukansa yana wajen 4,000 zuwa 5,000.

Akwai matsala ta biyu. In fatar lasifika ta turo gaba, tana matse iskar gabanta, tana kuma sassauta ta bayanta. In babu shamaki, iskar gaba sai ta zaga ta gefe ta cike gurbin baya, turi da ja su kashe juna, amon ya mutu tun bai bar wurin ba. Ƙwari sun riga injiniyoyi gano maganin. A 1975 masana a Afirka ta Kudu suka ba da rahoton wani gyaren bishiya wanda yake huda ganye da bakinsa, ya shiga cikin hudar ya toshe ta da fikafikansa, sannan ya yi kuka. Ganyen ya zama katanga tsakanin gaba da baya, kukan ya ƙaru ƙwarai, mace ta jiyo shi daga nesa. Wani danginsa mai zama a ƙasa rami yake haƙawa mai baki kamar na ƙaho, ya zauna a maƙogwaron ramin. Mai ɗaura lasifika a ɗan jirgi dabarar gyaren bishiya yake bi: yakan liƙa wa bayanta ɗan akwati, ya toshe kowace kafa, har wadda waya ta bi. Huda kamar ta allura ta isa ta ɓata aikin. Mutane da yawa sukan kashe kuɗi kan dikoda mai tsada su yi sakaci da wannan akwati na roba, sannan su zauna suna zargin dikodar, alhali laifin na akwatin ne.

Ko da akwati, ɗan jirgi ba zai taɓa girgiza ƙirji kamar na gaske ba. Abin da ya rage kunne da ƙwaƙwalwa ne suke cikawa. Kowane amo mai kauri yana tafe da 'ya'yansa, wato kaɗawa ninki biyu da uku da huɗu na tushensa. In tushen 100 ne, akwai 200 da 300 da 400. In aka cire tushen aka bar 'ya'yan, ƙwaƙwalwa takan duba tazarar da ke tsakaninsu ta mayar da tushen da kanta. Tsohon layin tarho ba ya ɗaukar abin da ya gaza 300, muryar namiji kuwa tushenta yana wajen 100 zuwa 150, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryar mahaifinsa a tarho a matsayin ta yaro. Ga shi kuma kunnen mutum ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000, inda ƙaramar lasifika take da ƙarfi, shi ya sa usur da ƙararrawa da ƙugin birki suke fita tsaf a ɗan jirgi fiye da gurnanin inji.

Wannan sha'awa mai tsada ce, ba ta kuma yaɗu a ƙasar Hausa ba, amma gwajin asalinta bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Malami zai iya aiken ɗalibi wurin masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ko wurin mai gyaran rediyo na unguwa, ya samo lasifikar da aka ciro daga mataccen kaya. A jona ta da ƙaramar rediyo, a riƙe ta tsirara a iska, ajin ya saurara: muryar za ta fito siririya kamar ta sauro. Sai a huda kwali daidai girmanta a zaunar da ita, a sake saurara. Daga nan a kifa kwalin a bakin kofin shayi, a bi gefen da danƙo ko kakin zuma a toshe. A ƙarshe a ɗauki allura a huda danƙon wuri guda, a ƙara faɗin hudar kaɗan-kaɗan, 'yan layin baya su ɗaga hannu a daidai lokacin da suka ji kaurin muryar ya fara zubewa.