Akawun Masu Bincike: Yadda Aikinsa Ya Zama Sana'a Mai Jarrabawa A Amurka

In an ambaci Jami'a, abin da ya kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne shehunnan malamai da manyan rigunansu, da ɗalibai, da ɗakunan gwaji cike da kwalabe. Amma akwai wani ma'aikaci can a ƙuryar ofis, ba ya koyarwa, ba ya gwaji, ba a kuwa buga sunansa a littafi, alhali kuwa in bai sa hannu ba ko anini ba ya fita don aikin bincike. Shi ne mai kula da sha'anin bincike, watau mutumin da ya ke tsakanin malami mai neman sani da hukumar da ta ba da kuɗin neman. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi, ko ya kwana yana jera bauca don odita na tafe da safe, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin da mu ke so mu nuna shi ne yadda wannan aiki, wanda dā kowa ke faɗawa cikinsa ba shiri, ya zama sana'a mai horo da jarrabawa da takardar shaida a ƙasar Amurka, da kuma abin da ya jawo haka.

Asalin abin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Kafin yaƙin, Gwamnatin Amurka ba ta cika ba Jami'o'i kuɗin bincike ba, sai fa a wajen aikin gona. Da yaƙi ya zo sai aka ga amfanin masana, sabo da haka a 1945 wani injiniya mai suna Vannevar Bush ya kai wa Shugaba Truman rahoto, ya ce ya kamata Gwamnati ta ci gaba da ɗaukar nauyin bincike ko da an yi sulhu. A 1950 aka kafa Hukumar Kimiyya ta Ƙasa. A 1957 kuma Tarayyar Sobiyet ta harba kumbon Sputnik, hankalin Amurkawa ya tashi, su ka ga kamar an bar su a baya, sai kuɗi ya yi ta kwarara zuwa Jami'o'i.

To, kuɗin Gwamnati ba ya zuwa shi kaɗai, da sharuɗɗansa ya ke zuwa. Wa zai karanta sharuɗɗan? Malami dai hankalinsa na kan gwajinsa. Sai a ka riƙa ɗora wa duk wanda ya ke kusa: sakataren sashe, ko wani akawu daga ofishin ma'aji, ko malamin da ya gaji da aji. Ba makarantar da ta koya musu, aikin ne ya koya musu, da kuskure da gyara. Da su ka ga kowa na fama shi kaɗai, sai su ka fara haɗuwa suna tambayar juna. Ta haka a ka kafa ƙungiyar NCURA a 1959, a ka kuma kafa ta biyu, SRA, a 1967. Har yau waɗannan biyu ne manyan masu shirya kwas da taro ga ma'aikatan wannan fanni a can.

Aikin kashi biyu ne. Na farko tun ba a sami kuɗin ba: a gano hukumar da ke neman a yi mata bincike, a taya malami tsara kasafi, a duba cewa albashi da kayan aiki da kuɗin tafiya duk sun bi ƙa'ida, a aika takardar kafin ranar rufewa, don in ta makara ba mai ko buɗe ta. Na biyu bayan kuɗi ya zo: a buɗe masa asusu dabam, a tabbata kowace dala ta tafi inda a ka ce za ta, a rubuta rahoto kan lokaci, a rufe littafi in wa'adi ya cika. Sa'an nan ga yarjejeniya da wasu Jami'o'i in aikin na tarayya ne, ga batun mallakar abin da a ka ƙirƙiro, wanda tun dokar Bayh da Dole ta 1980 a ka yarje wa Jami'o'i su riƙe ko da da kuɗin Gwamnati a ka yi.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne abin da za mu kira kuɗin ɗawainiya. Ga yadda ya ke. Malami ya nemi dala 100 don gwajinsa, amma ɗakin da zai yi gwajin na Jami'a ne, wutar lantarki da ruwa nata ne, laburare nata ne, mai gadi da mai shara da akawun kansa ita ke biyansu. Sabo da haka a kan yi ciniki tsakanin Jami'a da Gwamnati a tsai da wani kashi da za a ƙara a kan kowane tallafi. In an tsai da kashi 50, to, kan wannan dala 100 Jami'a za ta karɓi wata 50. Ba laifi a nan. Laifin ya kan shigo wajen lissafin abin da ya cancanci a zuba cikin wannan ƙwarya da abin da bai cancanta ba.

Jami'ar Stanford ta jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin mafiya suna a duniya, ita ta ɗanɗana wannan. A 1990 wani ma'aikacin ofishin bincike na Sojan Ruwa mai suna Paul Biddle, wanda a ka ajiye a can don duba lissafin Jami'ar a madadin Gwamnati, ya yi ƙorafi cewa ana cajin Gwamnati abin da bai kamata ba. Da a ka buɗe littattafai sai ga wani jirgin ruwa na shaƙatawa an sa kuɗin tsufansa cikin ɗawainiyar bincike, ga kuma kuɗin furanni da na gyare-gyare a gidan shugaban Jami'ar. A watan Maris na 1991 wani kwamitin Majalisar Wakilai a ƙarƙashin John Dingell ya zauna ya yi wa shugaban, Donald Kennedy, tambayoyi a gaban jama'a. Jaridu su ka sami abin yi. Kason Jami'ar, wanda dā ya haura 70, a ka zaftare shi zuwa 55.5, shugaban kuwa ya ba da sanarwar zai sauka tun shekarar ba ta ƙare ba.

Adalci ne mu faɗi yadda ta ƙare, don mutane sun fi riƙe farkon labari. A 1994 a ka sasanta, Jami'ar ta biya dala miliyan 1.2, Sojan Ruwa kuma su ka amince ba su sami zamba ba. Watau ba ɓarawo a ka kama ba. Abin da a ka kama shi ne lissafi da a ka bari ya yi ta tafiya shekara da shekaru ba wanda ya tsaya ya ce, “Wannan jirgi fa, me ya haɗa shi da ɗakin gwaji?” Mu a ganinmu wannan ya fi sata ban tsoro ga ma'aikacin ofis, gama ɓarawo ya san abin da ya yi, shi kuwa wannan sai ranar da a ka kira shi gaban kwamiti ya ke sani. Tun a 1991 ɗin Gwamnati ta ƙayyade cewa ɓangaren mulki na kuɗin ɗawainiya kada ya wuce kashi 26. Rigimar ba ta mutu ba: a watan Fabrairu na 2025 hukumar binciken lafiya ta NIH ta ce za ta mai da kuɗin ɗawainiya duka kashi 15, Jami'o'i da jihohi su ka kai ƙara, wata kotu a Masacusets ta dakatar da umurnin.

A cikin wannan zamani ne, a 1993, a ka kafa majalisar RACC, wadda aikinta shirya jarrabawa da ba da takardar shaida. Wanda ya ci ya na da ikon liƙa haruffa uku, CRA, a bayan sunansa. Ba a barin sabon shiga ya zauna. Mai digiri sai ya shekara uku a bakin aikin, wanda karatunsa bai kai nan ba sai ya ƙara shekaru, amma ba a rufe masa ƙofa ba, wannan kuwa mun yaba. Tambayoyin sun shafi tsara aikin bincike, da dokokin da ke kan kuɗin Gwamnati, da riƙon asusu, da sha'anin ofis baki ɗaya. Daga baya a ka ƙara wasu takardu biyu, ɗaya ga masu aikin neman tallafi, ɗaya ga masu riƙon kuɗinsa. Takardar kuma ba ta har abada ba ce. In wa'adinta ya cika sai mutum ya nuna ya ci gaba da halartar kwas, ko ya sake zama, gama dokokin ba sa tsayawa wuri ɗaya: a 2014 ma a ka tattara tsofaffin ƙa'idodin tallafi a ka mai da su kundi guda. Wasu Jami'o'i, kamar Johns Hopkins da ta Tsakiyar Fulorida, har digiri na biyu su ke bayarwa a wannan fanni.

Ba kowa ya yarda da jarrabawar ba, ko a can. Ba doka ce ta tilasta ta ba, mutum na iya yin ritaya bai taɓa zama ba, akwai kuwa tsofaffin hannu da su ke ganin zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu ba ya nuna ko mutum zai iya duban babban farfesa ido da ido ya ce masa, “Ranka ya daɗe, wannan ba za ta shiga ba.” Suna da gaskiya rabi. Jarrabawa ba ta auna amana, ba ta auna ƙarfin hali. Amma wanda bai san doka ba, da me zai tsaya? Ƙaramin ma'aikaci in ya ce a'a da ra'ayinsa, raini ne. In ya buɗe kundi ya nuna sakin layi, sai babba ya yi fushi da kundin. Banda haka, takardar na bin mai ita duk inda ya koma, ba sai ya sake fara nuna kansa daga tushe ba.

Ba kuɗi kaɗai ke hannun waɗannan ma'aikata ba, har da ran mutane. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Gwamnatin Amurka ta bi ɗaruruwan baƙaƙen fata masu tunjere a Tuskegee, jihar Alabama, tana kallon yadda cutar ke cin su, ba ta ba su magani ba ko bayan da a ka sami fenisilin. Da asiri ya tonu a ka yi doka a 1974, wadda ta jawo kafa kwamitocin da ke duba duk binciken da ya shafi ɗan Adam kafin a fara. Takardun waɗannan kwamitoci ta ofishin kula da bincike su ke bi. Mu nan ba baƙi ne ga wannan magana ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin gwajin da ya haɗa yara wajen 200, goma sha ɗaya su ka rasu. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da a ka nuna, bayan an gama gwajin a ka rubuta ta, a ka sa mata kwanan watan baya. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Takarda ɗaya ce, mai kwanan wata ɗaya, irin wadda akawu ke karɓa ya buga wa hatimi ya shigar a rajista. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundinta na ƙa'idodin binciken lafiya.

Sauran ƙasashe kowa da hanyar da ya bi. A Ingila ƙungiyar ARMA na ba da nata satifiket, amma ta hanyar kwas da rubutun aiki, ba zama ɗaya ba. A kudancin Afirka an kafa SARIMA a 2002, a yammacin Afirka kuma WARIMA a 2006, ofishinta na Jami'ar Ibadan. Horon ma'aikacin ofis dai ba sabon abu ba ne a Arewa. Makarantar koyon aikin akawu da a ka buɗe a Zariya bayan yaƙi, ita ce ta zama makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo a 1954, inda akawunan En'e da ma'aji da alƙalai su ka yi kwas, har ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dalilin da ya sa a ka kafa ta shi ne dalilin da ya sa Amurkawa su ka kafa tasu jarrabawa: baitulmali ya girma ya wuce a riƙe shi da “haka mu ka tarar ana yi.”

Sai dai kada wani ya ɗauka jarrabawar Amurka ita ce ta kowa. Akasarin tambayoyinta kan dokokin Gwamnatin Amurka ne, sabo da haka amfaninta ga ma'aikacinmu ya tsaya ga wanda ke riƙe da kuɗin da ya fito daga can, kamar na NIH, gama sharuɗɗan na bin kuɗin har Ibadan ko Zariya. Wanda ke riƙe da tallafin asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta ba wannan suna, ƙa'idodin gida ne a kansa. Don irin wannan ne SARIMA ta jagoranci kafa wata majalisa, IPRC, wadda ba ta jarrabawa sam. Ma'aikaci ya kan tara shaidar ayyukan da ya yi da hannunsa, da kwasa-kwasan da ya halarta, ya aika, sa'an nan waɗanda su ka riga shi daɗewa a sana'ar su duba, su ce ga matakin da ya kai.