Kukun da bai auna kansa da kowa ba

Duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san yadda hira take mutuwa ranar da aka liƙa takardar ƙarin girma. Kowa ya nemi sunansa, sa'an nan ya nemi sunan wanda suka fara aiki tare, kuma sau da yawa na biyun shi ya fi hana barci. Haka ɗalibai suke ranar fitar da sakamako. Wannan ciwo tsoho ne, malaman addinin Kirista sun daɗe suna magana a kansa, amma a ganina babu wanda ya nuna maganinsa a aikace kamar wani kuku gurgu da ya yi zamani a birnin Faris.

Sunansa na yanka Nikolas Herman, an haife shi a yankin Loren wajen shekarar 1614. Talaka ne, ya shiga soja a Yaƙin Shekara Talatin da aka yi a Turai daga 1618 zuwa 1648, ya sami rauni a ƙafa wanda ya bi shi har kabari. Daga nan ya yi barantaka a gidan wani babban ma'aji, inda shi da kansa ya shaida cewa bai iya aikin ba, kullum sai ya fasa wani abu. A shekarar 1640 ya shiga gidan 'yan zuhudu na ƙungiyar Karmel a Faris, aka raɗa masa suna Ɗan'uwa Lorens. Da yake ba shi da ilmin zama fada, sai aka tura shi madafa.

To, a nan ne fa jarrabawar take. Gida ne na masu ilmi, waɗansu suna wa'azi, waɗansu suna nazarin littattafai, shi kuwa yana fama da tukwane da wanke-wanke, aikin da tun asali ransa ba ya so. Shekara goma sha biyar ya yi a madafar. Har an taɓa aikensa Burgandi sayen ruwan inabi, ga shi bai iya ciniki ba, ga ƙafa, har ta kai ga sai ya mirgina bisa ganguna kafin ya zaga cikin jirgin ruwa. Kada mai karatu ya zaci ya sami natsuwa da wuri: wajen shekara goma na farko ya yi su cikin fargaba, yana ganin shi bai cancanci rahama ba. Abin da ya warware masa shi ne da ya daina tambayar matsayinsa, ya koma tambayar domin wa yake aikin. Ya yanke cewa lokacin girki da lokacin addu'a ɗaya ne gare shi, muddin don ƙaunar Allah ake yin su.

Ba shi ya ƙago wannan ra'ayi ba. A babi na 21 na Bisharar Yohanna, bayan an faɗa wa Bitrus irin ƙarshen da zai yi, sai ya waiwaya ya tambayi makomar abokinsa. Amsar da Almasihu ya ba shi ita ce wannan ba ruwansa, nasa dai ya bi. Manzo Bulus kuma, a babi na 12 na wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya kwatanta jama'ar masu bi da jiki guda, inda ƙafa ba ta fita daga jiki don ba ita ce hannu ba. Gwada kai da wani kaifi biyu gare shi: in ka dubi na sama hassada ta kama ka, in ka dubi na ƙasa girman kai ya shige ka, kamar Bafarisin nan na babi na 18 a Bisharar Luka wanda ya mai da addu'arsa lissafin yadda ya fi mai karɓar haraji.

Wani zai ce ai wannan koyarwa ce ta kashe zuciya, mai daɗi ga masu son talaka ya zauna inda yake. Tambayar tana da ƙarfi, domin an sha yin amfani da addini haka. Amma koyarwar ba ta hana neman haƙƙi ko ƙoƙari ba. Abin da ta hana shi ne mutum ya ɗauki rabon maƙwabcinsa ya mai da shi ma'aunin darajar kansa.

Da ƙafar ta matsa masa, aka mai da shi gyaran takalman 'yan'uwansa. Manyan mutane suka riƙa zuwa neman shawararsa, har da Fenelon wanda ya zama akbishop a 1695. Ya rasu ran 12 ga Fabrairu 1691. Wani fada mai suna Yusufu de Bofor, wanda ya rubuta hirarrakin da suka yi a 1666 da 1667, shi ya tattara su da wasiƙunsa aka buga bayan mutuwarsa, kuma har yau Katolika da Furotesta suna karanta ɗan littafin cikin harsuna da dama.