Shirin Musamman: Renon Bangaskiya a Ikilisiyoyin Birnin Kebbi da Argungu

Shirin na yau zai duba al'adar da Kiristocin ƙasar Hausa ke kira almajirantarwa, wato dangantakar da ke ƙulluwa tsakanin wanda ya daɗe cikin bangaskiya da wanda ke tasowa, inda babba ke jan ƙarami a jiki yana koya masa karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a da zaman duniya, har ya kai matsayin da shi ma zai riƙe wani. Asalinta a Littafin yake, domin Joshuwa ya tashi a hannun Musa, Elisha a hannun Iliya, Barnaba ne ya tsaya wa Bulus a lokacin da almajiran Urushalima ke tsoronsa, Bulus kuma ya reni Timoti ya umarce shi ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane masu iya koya wa wasu.

A kwarin Rima, inda Birnin Kebbi da Argungu suke, wannan al'ada tana da nauyi na daban, kuma tarihi ne ya ɗora mata shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi irin su Gwandu da Argungu, sai a shekarun 1930 aka sassauta, aka bar ƙungiyar mishan ta SIM ta kula da masu cutar kuturta a wurare kamar Amanawa kusa da Sakkwato. A kudu, wajen Zuru, mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar UMCA ya riga ya kafu, makarantar Littafi Mai Tsarki ta mishan ɗin kuma ta yi ta yaye masu bishara da harshen Hausa, wanda aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da shi a 1932. Saboda haka, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, akasarin waɗanda suka cika majami'un garin zuwa suka yi: ma'aikatan gwamnati daga ƙasar Zuru da Yawuri, 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, sojoji da 'yan sanda, sai kuma ɗalibai. Mutumin da ya baro kakanninsa da kawunnansa a wata ƙasa yana buƙatar wanda zai tsaya masa a madadinsu, kuma a nan ne renon bangaskiya ya zama abin da jama'a ke rayuwa a kansa.

Ba limaman coci ne suka ɗauki mafi yawan wannan kaya ba, ko da yake su aka fi sani. Ana jin sunan Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke jagorantar Dayosis ɗin Katolika na Sakkwato tun 2011, da na Edmund Akanya na Dayosis ɗin Angilikan na Kebbi, amma aikin yau da kullum yana hannun katekis, wato malamin da ke koyar da tushen addini yana kuma jagorantar sujada inda babu fada, da mai bishara, da dattawan ikilisiya. Ajin baftisma, wanda shi ne karatun watanni da ake yi wa mai shirin karɓar baftisma, sau da yawa ana yin sa ne da yamma a kan benci biyu ko uku a inuwar dalbejiya, malami na karanta aya ɗalibai na maimaitawa, bayan an tashi kuma wani ya tsaya ya faɗi damuwar da ba zai iya faɗa cikin taro ba, ko ta bashi ce ko ta neman aure. Wannan tsayawar ta bayan aji ita ce ainihin renon. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, kowa ya san cewa yaro ba ya koyon riƙe homa da hawa gora daga bakin gaɓa, sai ya bi babba cikin ruwan Matan Fada, kuma haka lamarin yake a nan.

Zumuntar Mata, ƙungiyar matan aure ta ikilisiya, ta fi kowane sashe ƙwarewa a wannan fanni, duk da cewa an fi saninta da anko da kiɗan tulu da waƙa. Idan amarya ta zo gari ba ta da uwa a kusa, wata dattijuwa ce daga cikin zumunta ke zama mata mama, ta raka ta awo, ta kula da ita lokacin jego, ta shiga tsakani idan zama ya yi tsami, daidai da abin da wasiƙar Bulus zuwa ga Titus ta ɗora wa tsofaffin mata. Matasa kuwa suna samun nasu a ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, da zumuntocin manyan makarantu kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, inda ɗan ajin ƙarshe ke riƙe sabon shiga.

Akwai darasin da mai reno a wannan yanki ba ya tsallakewa, shi ne zama da maƙwabta Musulmi: gaisuwa da ladabi, zuwa ta'aziyya da barkan suna, kiyaye harshe a watan azumi, da sanin abin da ba a faɗa a kasuwa. Baƙon da bai sami mai nuna masa waɗannan ba yakan yi ɓaranɓarama ba da nufi ba.

Al'adar tana da rauninta. Wani mai renon yakan mai da almajirinsa ɗan aike, ko ya hana shi jin ta bakin kowa, shi ya sa ikilisiyoyi masu tsari ke barin mata su reni mata, maza su reni maza, dattawa na sa ido. Babban rauni kuwa shi ne canjin wurin aiki, domin ma'aikaci ko ɗan hidimar ƙasa da ya fito daga sansanin Dakingari yakan tashi daidai lokacin da dangantaka ta fara kama ƙasa. Takardar shaida da fasto ke ba mai ƙaura tana tabbatar da cewa shi ɗan ikilisiya ne, amma ba ta sama masa wanda ya san halinsa a sabon wuri, kuma kiran waya ko saƙon WhatsApp na cike wani ɓangare ne kawai na wannan giɓi.