Injin Akori-Kura Ya Tsufa: A Gyara Ko A Sake?

A makarantun kwana da ofisoshin ƙananan hukumomi ba a rasa tsohuwar akori-kura wadda ita ke ɗauko hatsi da itace, ita ke kai yaro asibiti in ciwo ya kama shi da tsakar dare. Ran da injinta ya fara hayaƙi sai mutane su rabu biyu, waɗansu su ce a gyara, waɗansu su ce a sayo wani. Kuɗin kuwa na jama'a ne, kuma akawu ko shugaban makaranta shi zai sa hannu.

Abin da mu ke so a fara yi shi ne a san ciwon tukuna. Hayaƙi shuɗi da shan baƙin mai alama ce zobban fistin sun cinye. In hayaƙin fari ne, ruwan lagireto yana raguwa, man kuma ya koma kamar madara, to, yawanci gasket ne ya ƙone, wannan kuwa ƙaramin aiki ne. Amma in ana jin ƙwanƙwasa daga can ƙasan inji, lalle a kashe motar nan take, don ciwon ya kai karanshaf.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa cikin 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe cikin 1975 kuma ya yi ta harhaɗa ta har bayan 2000. Injinta yana da wata baiwa: bututun da fistin ke kai da kawowa a cikinsu zare su a ke yi. Watau ba sai an kai gangar injin an rarake ta ba, sai a zare tsofaffin, a sa sababbi tare da fistin da zobbansu, a goge karanshaf. In gangar ba ta tsage ba, mu dai gyara mu ke zaɓa. Amma fa a sa ido a kan kayan, gama jabu sun yi yawa, kuma a nemi makanikin da ke aunawa da ma'auni, ba mai cewa idonsa ya isa ba.

Sakewa tana da ranarta. In sandar fistin ta karye ta fasa ganga, ko an sha goge karanshaf har ba sauran abin gogewa, gyara ɓarnar kuɗi ne. Sai dai injin da a ke kira na Beljiyam, wanda a ke samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, tsoho ne shi ma, ba wanda ya san nisan da ya yi a ƙasarsu. Kada a yi cinikin biri a sama. A tayar da shi gaban mai saye, a kuma rubuta kwanakin da aka yarda a komar da shi in ya ƙi.

Masu ɗora injin wani kamfani dabam, kamar na Toyota, su tuna za a sake mazaunin inji, sau da yawa har da giya, kuma wannan kuɗi ba ya cikin farashin da aka faɗa musu da fari.

Saura batun takarda, wanda ya fi shafar akawuna. Kowane inji yana da lambarsa, tana kuma cikin takardun mota. In an sake inji, a karɓi rasit mai ɗauke da sabuwar lambar, a kai ofishin lasin a gyara, a kuma shigar da tsohon injin cikin littafin kayan sito kafin ya yi ƙafa.