Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa ɗaya, don haka idan ya miƙe ta saman Chadi da Sudan ya tsallake Bahar Maliya, awa huɗu da rabi zuwa biyar ta ishe shi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye, abin da ya ƙara wa tafiyar wajen awa biyu, ya kuma ƙara kuɗin mai.

Amma inda mutanenmu suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama, tikiti zai ce ya sauka ƙarfe 5 na asuba, alhali a gida ƙarfe 3 ne. A dawowa abin ya juye: a tashi Jidda ƙarfe 10 na safe, a sauka Kano ƙarfe 1 na rana. Ga mai zuwa tarbar Alhaji, kuskuren bai wuce zaman jira ba. Ga mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani kan lokaci, ba abin wasa ba ne. Ya tambayi likita yadda zai daidaita tun kafin ya bar gida, maganin kuma ya zauna a jakar hannu, kada a awon kaya ya wuce da babbar jaka.

Masu Umara da ke neman tikiti mai rahusa su buɗe ido. Sau da yawa arhar ta biyo ta Addis Ababa ko Alƙahira ne, inda za a yada zango a jira wani jirgin, wani lokaci har a kwana kan benci. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari. Ejan ba lallai ya faɗa ba, sai an tambaye shi.

Zaman cikin jirgi shi kansa ma yana da illa. Idan mutum ya wuce awa huɗu ƙafa a lanƙwashe, jini kan iya daskarewa a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi, masu ƙiba, masu juna biyu da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Dattawanmu kuwa sukan ƙi shan ruwa don kunyar neman banɗaki a jirgi, wanda hakan ke ƙara haɗarin. A sha ruwa, a riƙa motsa ƙafa, a tashi a ɗan taka idan ma'aikatan jirgi sun ba da dama. Wanda ya sauka ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, ya nufi asibiti nan take, ko da ana shirin shiga motar Makka.